Allon hoto a ɗakin Inna: kafin a sayo tsarabar, a tambayi wuta da rezo

Kowa ya san ƙasarmu ƙasar matafiya ce. Da wuya mutum ya shiga wani gida a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya tarar babu ɗan gidan da ke nesa. Wannan yana bida a Abijan ko Kwatano, wancan yana Libiya ko Aljeriya, wani yana karatu a Faransa, wani kuma ma'aikacin gwamnati ne da aka tura Difa ko Agadas, sai lokacin hutu ake ganinsa. Can suke aure, can suke haihuwa. Sai a yi suna, yaro ya yi rarrafe, ya tashi da ƙafarsa, har ya shiga lakwal, kakarsa ba ta taɓa sa shi a ido ba.

Abin mamaki, ba a taɓa ɗaukar hotuna da yawa kamar yau ba, amma tsofaffinmu su ne suka fi kowa ƙarancin ganinsu. Hotunan suna cikin wayoyin samari da ƴan mata. Tsohuwa sai ta jira wani jika ya zo gaisuwa, ya miƙa mata waya ta duba na minti ɗaya, kafin ta gane fuskar yaron hasken ya ɗauke, mai waya ya karɓi abinsa ya yi gaba. Domin maganin wannan ne aka ƙera na'urar da za mu yi magana a kanta a wannan mako, wadda Faransawa ke kira cadre photo numérique, mu kuwa za mu kira ta allon hoto.

Daga kaset zuwa salula

Waɗanda suka manyanta ba su manta yadda ake yi a da ba. Ɗan bida yakan sa sabuwar riga ya je wurin mai hoto, a ɗauke shi tsaye kusa da rediyo ko babur, ya haɗa hoton da wasiƙa ko kaset ɗin da ya naɗi muryarsa, ya ba direba ko wani ɗan gari mai komawa gida. A Yamai, mutane da yawa sun bi ta hannun marigayi Philippe Koudjina, mai hoton nan da ya rasu a 2014. Saƙo yakan yi mako biyu ko wata guda a hanya, amma in ya iso, ya iso ke nan. Inna takan laƙa hoton a bango ko ta sa shi cikin kwalla, ta ɗauko duk lokacin da kewa ta taso mata, ba ta roƙon kowa.

Zuwan wayar salula, da kuma WhatsApp da aka ƙirƙiro a 2009, ya rage tsawon hanya, amma ya fitar da hoto daga hannun tsofaffi. Wanda idonsa ya yi rauni, ko wanda bai yi karatun boko ba, ko wanda yatsunsa ba su saba da shafa gilashi ba, ya zama ɗan kallo a cikin labarin iyalinsa.

Yadda allon yake aiki

Allon hoto ɗan gilashi ne irin na talabijin, galibi faɗinsa wajen taƙi guda, an yi masa baki kamar na hoton bango. Ana ajiye shi bisa tebur ko a rataye shi, a sa masa wuta, sai ya riƙa nuna hotuna ɗaya bayan ɗaya, yana sauyawa da kansa. Mai kallo ba ya bukatar danna kome, kuma wannan shi ne babban amfaninsa.

Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Sony na Japon ya fitar da irinsa tun 1999. A shekara ta 2000 wani kamfanin Amurka mai suna Ceiva ya fito da wanda ake haɗawa da layin tarhon gida: da dare, in mutane sun yi barci, sai allon ya buga waya da kansa ya kwaso sababbin hotunan da dangi suka aiko. Na yanzu da intanet suke aiki, amma dabarar ita ce dai: ƴaƴa su aiko daga nesa, tsoho ya wayi gari ya ga sababbin fuskoki.

Ya kamata mai saye ya san cewa allunan iri uku ne. Na farko bai san intanet ba sam. Ana zuba hotuna cikin ɗan katin ajiya irin na waya, wato kart memuwar, a soka masa. In ana son sababbi, sai a aiko wani katin ta hannun matafiyi, kamar dai kaset ɗin da. Na biyu yana karɓar hotuna ta wifi, ya adana su a cikinsa, ya ci gaba da nuna su ko da rezo ya tafi. Yawancin allunan da ke aiki da manhajar Frameo, ta wani kamfanin ƙasar Danmak, haka suke: allon yana ba da wata lamba, a raba wa dangi, kowa ya sa ta a wayarsa ya riƙa turowa daga inda yake. Na uku kuwa, kamar na kamfanin Aura na Amurka, hotunansa a ma'ajiyar kamfanin suke, ba shi da wurin soka kati, kuma yana son wifi a kullum. Wannan ya dace da gidan da intanet ba ya yankewa.

Wuta, rezo da zafi

To, a nan ne gizo ke saƙa. Waɗannan alluna an ƙera su ne domin kakannin Turai da Amurka, inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma yana cikin kowane ɗaki. Galibinsu ba su da batir, da an ɗauke kuran sun mutu. A Nijar kuwa, bisa ƙididdigar Bankin Duniya, kimanin mutum ɗaya ne cikin biyar yake da wutar lantarki, a karkara ma abin bai kai haka ba. Mazauna birane su ma sun ɗanɗana a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya, wadda ke ba mu kaso mafi yawa na wutarmu a lokacin, ta yanke layi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta maido ba sai a Maris na 2024.

Sai dai allon ba mai cin wuta ba ne. Mai matsakaicin girma ba ya wuce wat 10, kusan daidai da ƙwan lantarki na zamani. Saboda haka gidan da ke da pano na hasken rana da batir zai iya riƙe shi, muddin an samu mai gyaran wuta ya duba irin ƙarfin da allon ke bukata. Abin da ya fi kashe shi shi ne dawowar kuran da ƙarfi bayan yankewa. Wanda ya kashe kuɗi ya sayi allo, kada ya yi ƙyashin sayen regilater.

Sai maganar rezo. Mafi yawan allunan ba su da wurin sa katin waya, wifi kawai suka sani. Gidan da ba shi da akwatin wifi yana da mafita guda: wani yaro na gida ya buɗe wa allon intanet ɗin wayarsa lokaci-lokaci, misali kowace Juma'a, domin hotunan da ke jira su sauka. Da layin Airtel ne, ko Moov Africa, ko Zamani, ko Niger Telecom, duk ɗaya ne, in dai yana kamawa a unguwar. Wannan dabara tana yi ne da allon da ke adana hotuna a cikinsa. Akwai kuma wani samfurin Faransa mai suna Familink da ke zuwa da katin waya a jikinsa, amma wanda zai sayo shi sai ya tabbatar tun can cewa katin zai kama a nan, ya kuma san kuɗin da za a riƙa biya.

Zafi da ƙura su ne abokan gaba na uku. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan kai digiri 45, alhali irin waɗannan na'urori ba sa son abin da ya wuce 40. A lokacin hunturu kuma ƙura tana shiga ko'ina. A ajiye allon nesa da taga da murhu, a saita shi ya riƙa kashe kansa da dare, a riƙa share shi da busasshen ƙyalle mai laushi.

Batun kuɗi

A kantunan Turai ana samun allon daga wajen yuro 50 har zuwa 200. Tun da yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wannan ya kama daga jikka 33 zuwa jikka 131, ban da kuɗin sufuri da na duwan. In aka tuna cewa mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu jikka 42 ne, za a ga cewa wannan tsaraba ba ta wasa ba ce. Ya fi kyau ƴaƴan gida su haɗa kuɗi su sayi mai kyau guda, da kowa ya kawo tarkacen da zai mutu kafin damina.

Kuma a lura da abin da ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba. Wasu kamfanoni suna sayar da allon da sauƙi, daga baya su nemi kuɗin wata-wata kafin a tura bidiyo ko a ƙara wurin ajiya. Allon da ya dogara kacokan da ma'ajiyar kamfani kuwa, ranar da kamfanin ya rufe ko ya sauya sharaɗi, sai ya zama ado kawai. Babu kamfanin da ya fi ƙarfin faɗuwa: Kodak, wanda injiniyansa Steven Sasson ya ƙera kyamarar farko marar fim a 1975, shi da kansa ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a Janairun 2012. Saboda haka kowa ya riƙe kwafin hotunansa a wani wuri dabam.

Ga ƴan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Sin, nasiha ita ce su duba kaya kafin su cika kwantena. Su nemi allon da ke adana hotuna a cikinsa, mai wurin soka kati, mai bakin wuta irin namu na volt 220, wanda kuma ake iya juya rubutunsa zuwa Faransanci. Su guji wanda ba a san maƙerinsa ba, domin na'urar da ke shiga intanet tana iya zuwa da cuta tun daga masana'anta. A farkon 2008, babban kantin Best Buy na Amurka ya janye wani samfurin allon hoto daga kasuwa bayan an gano yana ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta. Sayen nagari, mai da kuɗi gida. Ɗan kasuwar da ya koya wa yaron shagonsa yadda ake saita allon, ya je har gida ya haɗa wa mai saye, shi ne zai riƙe kasuwar.

Ɗakin wa, idon wa?

Akwai tambayar da ta fi ta wuta nauyi, wadda masu ƙera allon ba su yi tunaninta ba. A ina za a ajiye shi? Allon da ke zaure ko falo, duk baƙon da ya shigo zai ga abin da ke wucewa a kansa, har da hotunan surukai da ƴan mata a cikin ɗakunansu. Magidanta da yawa ba za su yarda da haka ba, kuma suna da gaskiyarsu. Wasu dattawan ma ba sa son hoto a ɗakin da suke salla. Don haka kafin a sayo, a zauna da Baba, a zauna da Inna, a ji ra'ayinsu. Sau da yawa wurin da ya fi dacewa shi ne ɗakin tsohuwa, inda sai na gida ke shiga.

Haka nan lambar turo hotuna ba ta kowa ba ce. Duk wanda ya same ta zai iya sa abin da ya ga dama a gaban tsoho. A ba ƴaƴa da jikokin da aka amince da su, a kuma naɗa mutum ɗaya a gida wanda zai riƙa dubawa, ya goge abin da bai dace ba, ya sake haɗa allon in ya rikice. In babu wannan mutum, kada a sayi allon. A wanke hotuna a takarda a aiko, kamar yadda iyayenmu suka yi. Ko a Faransa, wani kamfani mai suna Famileo da aka kafa a Saint-Malo a 2015 ya yi suna ne da wannan: dangi su turo hotuna ta waya, shi kuma ya buga su a takarda kamar ƴar jarida, gidan waya ya kai wa kaka har gida.

Masu turowa su ma akwai nasu aikin. A ɗauki fuska kusa, cikin haske, domin idon tsoho ba ya rarrabe mutum ashirin da suka jeru a nesa. A turo kaɗan-kaɗan a kai a kai, ya fi a zubo ɗari biyu ranar Salla sannan a yi shiru shekara guda. Abin da ya fi ciwo shi ne tsohuwa ta zauna tana kallon hotunan bara suna zagayawa, tana ƙirga watannin da aka manta da ita. In an turo hoto, a biyo shi da kiran waya: Inna, kin ga takwararki ta fara tafiya? Da haka hoton zai zama hira.

Allon hoto abu ne mai kyau ga gidan da ke da wuta, da mai kula, da ƴaƴa masu tunawa. Gani ya kori ji, gaskiya ne. Amma gilashi ba ya gaisuwa, ba ya ɗora jika a cinyar kakarsa, ba ya zuwa ta'aziyya. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take. Wanda Allah ya hore wa kuɗin allo, ya saya, sannan ya tanadi kuɗin mota. Allah ya bar zumunci, ya maido matafiyanmu gida lafiya. Sai mako mai zuwa.