Zanen Tahiti da Ya Kai Dala Miliyan 210

Dala miliyan 210 aka biya a kan wani zane na Bafaranshe Paul Gauguin, kamar yadda wata shari'a a Landan ta bayyana a 2017. Mata biyu ne a cikinsa, suna zaune a ƙasa a tsibirin Tahiti da ke tekun Pasifik. An zana shi a 1892, kuma ma'anar sunansa a harshen tsibirin ita ce "Yaushe za ki yi aure?"

Gauguin dillalin hannun jari ne a Paris har kasuwar ta karye a 1882, sannan ya rungumi zane gadan-gadan. Masu zanen da suka gabace shi kaɗan sun damu ne da kama hasken rana yadda yake sauyawa a kan ruwa da ganye, da ƙananan ɗige-ɗigen fenti. Shi kuwa ya yi watsi da wannan. Sai ya shimfiɗa launi fal-fal, kore nan, rawaya can, shuɗi a kan duwatsu, ya kewaye jikin matan da layi mai duhu, ya rage inuwa har nesa da kusa suka kusan haɗewa. Launin da zuciyarsa ta so yake zaɓa, ko da ido bai ga haka a fili ba.

Wanda ya taɓa shiga fadar Sarkin Dutse da ke Garu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Haka maginanmu ke jera ja da rawaya da shuɗi a bango, kowane launi a gurbinsa, illa dai su dagi da zayyana suke yi, ba surar mutum ba. Abin da Paris ta ɗauka bidi'a, a wurinmu gado ne.

Amma zanen yana da ɓoyayyen zance. Faransa ta mallake Tahiti tun 1880, kuma aljannar da Gauguin ya je nema a 1891 ta riga ta sauya. Matar gaba tana ɗaure da zanen gargajiya, da farin fure a bayan kunne. Ta bayanta kuwa doguwar riga ce a jikinta mai rufe wuya, irin wadda 'yan mishan suka kawo. Wannan rigar ta fi sauran launukan faɗin gaskiyar tsibirin.

Da ya baje zanukansa na Tahiti a Paris a 1893, kaɗan aka saya. Ya mutu cikin talauci a tsibirin Hiva Oa a 1903.