Ƙwan Haihuwa na Mace: Wace Magana ce Gaskiya, Wacce ce Ƙarya?

A gidan suna da layin awon ciki, ba a rasa mai bayani kan ƙwan haihuwa. Ga maganganu biyar da aka fi ji, da matsayin kowacce.

"Da ƙwanta ake haifar mace." Gaskiya ne. Tun tana da mako 20 a cikin mahaifiyarta, jaririya tana ɗauke da ƙwai miliyan 6 zuwa 7. Ranar haihuwarta sun ragu zuwa miliyan 1 ko 2, lokacin balaga kuwa saura kimanin 300,000 zuwa 400,000. Kowane ƙwai yakan fara rabuwa ya tsaya a tsakiya, sinadarin cAMP na riƙe da shi shekara da shekaru, har sai sinadarin LH ya hauhawa a tsakiyar watan al'ada ya saki wanda ya nuna.

"Maganin tazarar haihuwa yana ƙarar da ƙwai." Ƙarya ce. Ƙwai wajen 400 ne kacal ke nuna su fito a duk rayuwar mace. Sauran suna shanyewa da kansu, ta sha magani ko ba ta sha ba. Aikin maganin shi ne hana LH hauhawa, don kada ƙwan ya fito.

"Laifin matar ne da take ta haihuwar mata." Ƙarya ce. Ƙwan mace kuromosom X kawai yake ɗauka. Maniyyin miji ne ke zuwa da X ko Y, kuma a kan Y ɗin ne ƙwayar gadon SRY take, wadda aka gano a 1990, mai mayar da tayi namiji. Shi ma mijin ba shi ke zaɓa ba.

"Shekaru suna taɓa ingancin ƙwai." Gaskiya ne. Furotin kohesin da ke ɗaure kuromosom tun mace tana tayi yana rauni da tsufa, shi ya sa ɓari da wahalar ɗaukar ciki ke ƙaruwa bayan shekara 35.

"An fara ƙera jarirai daga ƙwan ɗakin gwaji." A ɓeraye ne. A 2016 ayarin Katsuhiko Hayashi na Jami'ar Kyushu a Japan ya samar da ƙwan ɓera daga ƙwayoyin fata, har aka haifi 'ya'ya. Ba a haifi ɗan Adam ta wannan hanya ba. Dashen ciki na asibiti, wanda aka haifi Louise Brown da shi a Ingila a 1978, da ƙwan mace na asali ake yinsa.

Ma'auratan da suka shekara ba ciki su je wurin likita tare, a auna miji da mata.