Hular Kwano Tana Kare Ƙoƙon Kai, Ba Ta Hana Ƙwaƙwalwa Girgiza

'Yar'uwa mai juna biyu, da kai maigida, akwai wani wasa da ake yi a kan ƙanƙara a Kanada da Amurka, sunansa hoki. Faifan roba mai tauri suke bugawa da sanda. Nauyinsa bai wuce giram 170 ba, amma gudunsa kan kai kilomita 160 a awa, kuma mai tsaron gida ke tare shi. A da fuska buɗe suke tsayawa. A 1959 faifan ya tsaga wa Jacques Plante na ƙungiyar Montreal fuska, ya ce ba zai koma fili ba sai da abin rufe fuska. Yau kowane mai tsaron gida yana da hula mai ragar ƙarfe, karayar ƙashin fuska da raunin ido sun ragu ƙwarai. Duk da haka suna samun girgizar ƙwaƙwalwa.

Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take, kamar dunƙulen fura a ƙwaryar nono. In aka bangaji ƙwaryar, furar za ta bugi gefe ko da ƙwaryar ba ta fashe ba. Hula tana rage ƙarfin bugu, amma ba ta iya riƙe abin da ke ciki.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da babur, kuma da yawanku a kansa kuke zuwa awo. Ki sa hular, ki ɗaure igiyarta, don tana rage raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100. Sai dai in kin faɗi, kada ki ce ai da hula, ko ai ban suma ba. Yawancin masu girgizar ƙwaƙwalwa ba sa suma.

Maigida, ka sa mata ido kwana biyu. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai wuyar tashi, ruɗewa, jijjiga, ko ruwa ko jini daga kunne ko hanci, duk na gaggawa ne, ko da tsakar dare. Haka ma ga yaro.

Ke kuma mai ciki, ki zo ranar da kika faɗi ko ba ki jin komai, domin mabiyiya na iya ɓantarewa daga mahaifa ba tare da an ga jini ba. Kafin ki iso, kada ki sha asfirin ko ibuprofen. Farasitamol ya isa.