Saƙon murya, tukunyar miya da hawan jinin dattawa

Hawan jini ba ya sallama idan zai shiga jiki. Dattijo zai yi shekaru da shi yana zuwa kasuwa, yana zuwa gona, bai ji komai ba, sai ranar da aka wayi gari bakinsa ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya kusan biliyan 1.3 ne ke ɗauke da cutar, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ya shawo kanta. Idan awo ya riƙa nuna 140/90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, to an shiga sahun masu ita.

Da yake waya ta shiga kusan kowane gida, masana sun daɗe suna gwada koyar da masu hawan jini ta cikinta. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu an bi mutum 1,372 na tsawon shekara guda, ana tura wa wasunsu saƙon tes na tunatarwar shan magani da ranar komawa asibiti. Da sakamakon ya fito a 2016, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki biyu kacal a kan waɗanda ba a tura wa ba. A Ingila kuwa, binciken da aka wallafa a 2021 ya ba marasa lafiya damar auna kansu a gida, su aika lambobin ta intanet, likita ya duba ya gyara magani. Nan raguwar ta haura maki uku. Darasin a fili yake: saƙo shi kaɗai tasirinsa kaɗan ne, yana ƙara ƙarfi ne idan akwai ma'aikacin lafiya a ɗaya ɓangaren yana dubawa yana amsawa.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin matsala. Tsohuwar da idonta ya yi rauni, ko dattijon da ajami ya iya ba boko ba, me zai yi da dogon rubutun Turanci a fuskar waya? Abin da ke isa gare su shi ne murya. Masu tallan maganin ƙarya sun riga kowa gane wannan. Saƙonsu na WhatsApp yana zuwa da Hausa mai daɗi, da sallama da addu'a, yana alkawarin raba mutum da hawan jini har abada cikin mako biyu. Baba ya saurara, ya ajiye ƙwayoyin asibiti. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin hawan jini lallaɓa shi ake yi tsawon rai, kuma da yawa daga masu daina magani suna dainawa ne a daidai lokacin da maganin ke aiki, don sun ji garau. Zoɓo ma, wanda wasu bincike suka nuna yana ɗan sauke jini, bai isa ya maye gurbin abin da likita ya rubuta ba.

Sai tambayar da masu tsara irin wannan ilimi suka fi mantawa da ita: wa ke riƙe da ludayi? Ana ce wa Alhaji ya rage gishiri, alhali bai taɓa leƙa madafa ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram biyar a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A dubi tukunyar miyar kuka ɗaya: an murje dunƙule huɗu ko biyar, an barbaɗa gishiri, ga yaji a gefen kwano, shi ma da nasa gishirin da dunƙulen. Kafin a kai ga tsire ko kilishi an riga an wuce iyaka. Don haka saƙon ya kamata ya sauka a wayar uwargida, ko suruka, ko jikar da ke girki, ya nuna mata yadda daddawa da citta da tafarnuwa da albasa ke tayar da miya ba tare da an cika gishiri ba. A ƙauyuka 600 na ƙasar Sin an bi mutum kusan 21,000, aka sauya wa rabinsu gishirin girki da wani mai ƙarancin sinadarin sodiyam, sai shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari a cikin waɗanda aka sauya wa. A tukunya aka yi wannan canjin. Amma mai ciwon ƙoda kada ya taɓa irin wannan gishirin sai da izinin likita.

Sauran darussan gajeru ne, minti ɗaya ya ishe kowanne. Tafiyar ƙafa ta rabin awa, kwana biyar a mako. Hattara da magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac da ibuprofen, da tsofaffi ke saye a kemis kamar gyaɗa, don suna ɗaga jini. Ga kuma azumi: a 2014 Senegal ta fara tura wa masu ciwon suga saƙonni a watan Ramadan, kuma masu hawan jini ma suna bukatar a ce musu su je a tsara musu lokacin shan magani tsakanin sahur da buɗa-baki.

Na'urar awo ta damtse ita ce ke haɗa gida da asibiti, in an iya amfani da ita. Mutum ya zauna minti biyar ya huta, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ba goro ko shayi ko taba rabin awa kafin nan. A auna sau biyu, jika ya rubuta ko ya ɗauki hoton lambar ya tura wa ma'aikacin lafiyar da ke duba Kaka. Idan lambar ta kai 180/120, musamman tare da ciwon ƙirji, ko harshe ya sarƙe, ko gani ya dushe, ko wani sashen jiki ya saki, kada a tsaya jiran amsar waya. A nemi mota a tafi asibiti nan take.