Daga Ja Zuwa Ruwan Ƙasa: Inda Ribar Masu Gyaran Gashi Take a Jos

JOS — A shagunan gyaran gashi na birnin Jos, tun daga Titin Ahmadu Bello har zuwa unguwannin da ke kewaye da Jami'ar Jos, babu aikin da ke auna gwanintar mai shago kamar na matar da ta rina gashinta ja, daga bisani ta dawo tana neman a mayar mata da shi ruwan ƙasa. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka cewa sayen sabon kwalin rini ne kawai a shafa. Ba haka abin yake ba, kuma a wannan wuri ne shago kan kama abokiyar ciniki ta shekaru, ko kuma ya rasa ta a yini guda.

Gashin yawancin matan ƙasar nan baƙi ne, saboda haka kafin ja ya fito sosai sai an kashe baƙin da sinadari mai ƙarfi. Jan kuwa yana saurin koɗewa, amma ba ya fita gaba ɗaya, sai ya bar gashin da launin ruwan goro. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwararru suka fi karkata ga ruwan ƙasa mai sirkin ja, irin launin dabino, domin yana hawa kan ragowar jan ya saje da shi. Idan kuwa aka nace sai ruwan ƙasa mai duhun toka, to sai an haɗa da rini mai sirkin kore domin ya danne jan, kuma a kan gashin da ya riga ya sha sinadari, sau da yawa launin kan fito a dushe. Sake aikin asara ce ta kaya da lokaci, kuma galibi mai shago ce ke ɗaukarta.

Har ila yau akwai batun karyewar gashi. Wadda ta haɗa rini da man miƙar da gashi, wato rilaksa, ta ɗora wa kanta nauyi biyu, shi ya sa ake ba da shawarar a bar tazarar aƙalla mako biyu tsakaninsu. Jos kuwa tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma hunturunta na Disamba da Janairu, lokacin da bukukuwa suka fi yawa, yana busar da gashi ƙwarai. A nan ne datsa gashi hawa-hawa ke da amfani: ana cire bakin da ya lalace ba tare da an taɓa tsawon duka ba, gashin kuma ya yi kamar ya ƙara cika. Almakashi dai ba ya cin kuɗin musaya, ladan aikinsa na mai hannu ne.

Lalle kuma nasa lissafin daban ne. Launinsa yana kama jikin gashi ta yadda wanki ba ya fitar da shi, kuma wasu garin lallen na kanti ana gauraya su da sinadaran ƙarfe waɗanda ba sa jituwa da rinin zamani. Mai shagon da ba ta tambayi abin da aka taɓa shafawa ba tana iya ƙona gashin mutane. Hanyar da aka daɗe da sani ita ce a bi lalle da baba, ganyen da marinar Ƙofar Mata ta Kano ta yi suna da shi, sai launin ya koma ruwan ƙasa. Ga mata Musulmi wannan na da ƙarin daraja, ganin cewa malamai da yawa suna ƙyamar rini baƙi ƙirin amma suna yaba lalle. Abin mamaki ne yadda kayan da ake nomawa a Arewa suka fi samuwa a mudu, alhali na Indiya ne ke zuwa cikin kwali mai ɗauke da bayanin yadda ake haɗawa.

Ta fuskar jari, rinin zamani kusan duk daga waje yake zuwa. Dark and Lovely, wanda ya shahara a shagunan mata, ya koma hannun kamfanin L'Oréal na Faransa tun a shekarar 2000. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, farashin kaya da kuɗin tayar da janareta duk sun yi sama. Idan ba a manta ba, babbar kasuwar Terminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002, lamarin da ya warwatsa 'yan kasuwa zuwa titunan da ke kewaye, inda rini kan yini a rana bisa tebur, kuma bambance na gaske da jabu ke da wuya. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar kayan kwalliya, don haka lambarta ce abin fara dubawa. Haɗari mafi girma yana cikin abin da ake kira baƙin lalle, wanda kan ƙunshi sinadarin PPD mai haddasa kumburi da ƙuraje. Gwaji a bayan kunne awa 48 kafin aiki ba ya cin ko kwabo.

Babban abokin gogayyar rini kuwa shi ne gashin kanti, wanda ake sayarwa da lambobi: 4 ruwan ƙasa ne, 30 da 33 suna da sirkin ja. Da shi mace kan gwada launi na 'yan makonni ba tare da ta taɓa nata gashin ba. Girman wannan kasuwa ne ya jawo kamfanin Godrej na Indiya ya fara sayen hannun jarin Darling a 2011. Shagon da ya tanadi waɗannan lambobi yana da abin da zai miƙa wa matar da gashinta bai kai ga ɗaukar wani rinin ba tukuna.