Mai Gadin Zafi Da Sharuɗɗansa Uku

 Wani tsohon almajirina da ke fatauci ya zo mini da tambaya. Ya ce an yi masa tallar wata na'ura mai gadin zafin ɗaki, wadda ake haɗawa da wayar hannu, shin ya saro ta ko ya bari? Na bincika, ga abin da na samu.

Bazarar Sakkwato ba ta bukatar mai ba da labari, zama daga Maris zuwa Mayu zafi kan zarce digiri 40. Kakanninmu sun yi maganinsa da soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara. Da muka koma ga siminti da kwano sai muka jingina ga iyakwandishan, ita kuwa cin wuta gare ta. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, watau ya ninka fiye da sau uku. Ashe duk abin da zai hana na'ura sanyaya ɗakin da ba kowa, abin dubawa ne.

Asalin mai gadin nan tsoho ne. A 1883 wani malamin makaranta a Amurka, Warren Johnson, ya ƙago irinsa mai aiki da lantarki. Aikinsa shi ne ya auna zafi, in ya wuce haddin da aka yanka masa ya kunna, in ya sauko ya kashe. A 2011 aka fito da Nest, mai koyon al'adar masu gida, kana Google ya saye kamfanin a 2014. Irin wannan shi ake haɗawa da fitilu da ƙofa da waya, su zama kamar barorin gida ɗaya. In mai gida ya fita kasuwa su kashe sanyi, in ya doso gida su kunna.

Amma fa haɗin yana da sharuɗɗa uku.

Na farko, dacewa. An yi Nest domin gidajen da inji guda ke sanyaya dukkan ɗakuna, ana ba shi umurni ta siraran wayoyi cikin bango. Galibin namu kuwa kowane ɗaki da tasa na'ura, ana sarrafa ta da rimot. Abin da ya dace da mu shi ne irin su Sensibo, masu kwaikwayon rimot da hasken da ido ba ya gani.

Na biyu, harshe. A da kowane kamfani da yarensa, na'urar wannan ba ta jin ta wancan. A 2022 Apple da Google da Amazon da Samsung da waɗansu suka fitar da harshe guda mai suna Matter. Sai mai saye ya nemi alamarsa a jikin kwali.

Na uku, shi ne mafi nauyi, mabuɗi a hannun wa yake? A watan Oktoba na 2025 Google ya yanke Nest na 2011 da na 2012 daga waya, suka koma sai an murɗa da hannu. La'alla irinsu su iso kasuwanninmu a gwanjo da araha, alhali araha ba ta ado. Mu da wuta da intanet kan ɗauke mana, tilas mu tambaya: in sun ɗauke sun komo, na'urar tana tuna umurninta, ko sai an sake koya mata?

To, ɗan kasuwa, kada ka saro sai ka gwada ɗaya a ɗakinka, kada kuma ka ɓoye wa mai saye aibin da ka sani. Kai kuma mai gida, ka tsayar da sanyi wajen digiri 25 maimakon 16, ka rufe tagogi da rana, ka dasa dogon yaro a yammacin ɗaki, domin inuwa ba ta cin kati.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.