Mi ke sa ƙashi ya ɗoru?

Yaro ya faɗo daga bisa tsamiya, ko amalanke ta jirkice da manomi, sai karaya. Maɗori ya jera karare, ya ɗaure. Bayan makwanni, ƙashi ya haɗe. Amma kara ba ya haɗa ƙashi, riƙe shi kawai yake yi. Jiki shi ke yin aikin.

Babban mutum yana da ƙashi 206. Ƙashi abu ne mai rai. A cikinsa akwai wani sinadari mai ba da umurni, kamar sarkin noma a wurin gayya. In ƙashi ya karye, shi ke kiran ƙwayoyin jiki su zo su yi sabon gini. Akwai kuma wani sinadarin mai tsai da aikin in ya isa.

A shekara ta 1965, wani likita na Amurka, Marshall Urist, ya sa guntun ƙashi da aka sarrafa cikin tsokar zomo. Sai sabon ƙashi ya tsiro a wurin. Daga baya aka sa wa sinadarin suna BMP. A 1988 masana suka gano yadda za a yi irin na ɗan Adam a ɗakin bincike. Da shi suke nazarin yadda ƙashi ke girma, da yadda yake tsayawa. A 2002 Amurka ta yarda a yi aikin ƙashin baya da shi, a 2004 kuma karayar ƙwabri mai rauni a buɗe.

Maganin yana da tsada ƙwarai. In ya yi yawa, yana kawo kumburi, ko ƙashi ya tsiro inda ba a so. Ba na kasuwa ba ne. Yawancin karaya ba sa bukatarsa, don jiki yana yin nasa.

To, mi ya kamata a yi a ƙauye?

1. Kada a matse ɗauri. In yatsu sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko ciwo ya ƙaru, jini ba ya wucewa. A sassauta, a tafi gidan likita nan take. Jinkiri yana sa a yanke hannu.

2. In ƙashi ya huda fata, a rufe da tsumma mai tsabta, a kai mutum asibiti. Daga Mirya, Magarya ko Tanut, ana iya tura shi babban asibitin Damagaram a ɗauki hoton ƙashin.

3. Ƙashin yaro daga bakinsa yake tsawo, kusa da gaɓa. Karaya a nan, in ba a gyara daidai ba, ƙafa ta kan karkace ko ta gajarce.

4. A ba mai karaya nono, wake, gujiya, ƙwai da zogale. Mai gini ba ya gini sai da tubali.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa, da maɗorin garinsu.